ZAƁEN LAUNIN BARGON YARO: ABIN DA YA KAMATA IYAYE SU SANI

Tun daga ƙarshen watan Nuwamba, sa'ad da iskar hunturu ta fara kaɗowa daga hamada, hazo ya lulluɓe gari, leɓɓa da dugadugai suka shiga tsagewa, babu abin da ke damun uwa mai goyo kamar yadda ɗanta zai kwana. A Kano da Zariya da Katsina da Maraɗi ma'aunin zafi yakan sauka ƙasa da digiri 15 da asuba a watannin Disamba da Janairu, a Jos kuwa wani lokaci har ƙasa da 10. Babba in ya ji sanyi sai ya ja bargo ya ƙudundune. Yaro ƙarami bai san ya ja ba, ga shi kuma jikinsa ya fi na babba saurin zubar da ɗumi.

Sayen bargo mai kyau kuwa ba ƙaramin abu ba ne ga ma'aikacin da ke jiran ƙarshen wata, musamman bayan 2024, shekarar da hauhawar farashin kaya a Nijeriya ta haura kashi 30 cikin 100. Amma duk wanda ya leƙa shagon tela bayan ɗinkin Salla zai tarar da ƙyallayen atamfa da shadda da yadi tsibi-tsibi ana sharewa, akwatin kowace uwa kuma ba ya rasa tsohon zanen da ta daina ɗaurawa. Da waɗannan ana iya ɗinka wa yaro bargon da zai yi masa shekaru.

Bargon ƙyallaye hawa uku ne. Akwai sama, wato ƙyallayen da aka harhaɗa suka zama shimfiɗa guda. Akwai ciko na auduga ko na tsohon zane a tsakiya. Sa'an nan akwai shafi, wanda shi ne ke taɓa jikin yaro. Sai a bi su da ɗinki daga wannan baki zuwa wancan domin kada cikon ya tattare wuri guda. Ɗinkin ba shi da wuya. Inda mutane suka fi yin tuntuɓe shi ne wajen zaɓen launi, don kuwa launin da aka zaɓa ya shafi ganin yaron, ya shafi fatarsa, ya kuma shafi ko bargon zai kai baɗi da kyansa.

TSOHUWAR SANA'A

Wannan irin ɗinki ba baƙo ba ne a ƙasar Hausa. Littafin tarihin sarakunan Kano ya nuna cewa Sarki Kanajeji, wanda ya yi mulki daga 1390 zuwa 1410, shi ne ya fara shigo da lifidi da kwalkwali da sulke. Lifidi kuwa ba wani abu ba ne illa yadi biyu da aka cusa wa auduga aka bi da ɗinki, domin ya tare kibiya daga jikin doki da mahayinsa. Har yau 'yan lifidi suna fitowa a hawan Salla. Sai dai wajen abin rufa Hausawa sun fi karkata ga saƙa, irin su gwado da luru mai farar ƙasa da ratsin shuɗi ko baƙi.

A wasu ƙasashe ne ɗinkin ƙyallaye ya zama abin rufar yara. A yankin Bengal, wanda ya haɗa ƙasar Bangladesh da gabashin Indiya, mata sukan jera tsofaffin zannuwansu hawa-hawa su ɗinke, su yi wa jariri abin da suke kira kanta. Ƙasarsa yawanci fara ce, zaren ado kuwa, ja da shuɗi da baƙi, daga bakin tsohon zanen ake zare shi. A Jihar Karnataka ta Indiya akwai Siddawa, jikokin mutanen Afirka, waɗanda ke fara ɗinkin nasu bargon daga gefe su ƙare a tsakiya, suna kuma yi wa jarirai ƙanana masu launi iri-iri. A ƙasar Sin akwai tsohuwar al'adar karɓo ƙyalle daga gidajen dangi da maƙwabta a haɗa wa jariri tufa, alamar fatan alheri daga gida ɗari.

A Amurka, mutanen Amish a al'adance ba sa amfani da yadi mai zane ko fure. Launi zalla suke haɗawa, sau da yawa masu duhu, har a bargon jarirai. A wani ƙauye kuma mai suna Gee's Bend a Jihar Alabama, matan baƙar fata, jikokin bayi, sun daɗe suna ɗinka barguna da tsofaffin kayan aikin gona saboda talauci da sanyi. A 2002 aka baje ayyukansu a wani babban gidan nune-nune da ke birnin Houston, a 2006 kuma hukumar gidan waya ta ƙasar ta buga hotunan bargunansu a kan sarki guda 10. Ba ɗaya daga cikin waɗannan mata da ta fara da zuwa kanti. Da abin da ke hannu suka yi, ido kuma ya yi sauran aikin. Ai Hausawa sun ce ido ba mudu ba ne, amma ya san ƙima.

ABIN DA JARIRI KE GANI

Iyaye da yawa in za su sayi kayan jariri sukan nemi launi mai sanyi, wanda bai ciza ba, bisa zaton cewa shi ya dace da sabon ido. Binciken masana ya nuna akasin haka. Jariri sabon haihuwa ba ya gani sosai sai abin da ke kusa, kamar santimita 20 zuwa 30 daga fuskarsa, wato misalin tazarar da ke tsakaninsa da fuskar uwarsa lokacin shan nono. A 1963 wani masani ɗan Amurka mai suna Robert Fantz ya buga sakamakon gwajin da ya yi wa jarirai 'yan kwanaki kaɗan da haihuwa. Ya riƙa nuna musu faifai iri-iri yana auna tsawon lokacin da suke kallon kowanne, sai ya tarar sun fi daɗewa a kan masu zanen baƙi da fari fiye da masu launi guda shafe.

Dalili shi ne ƙwayoyin da ke can ƙuryar ido, masu rarrabe launi, ba su gama nuna ba a lokacin haihuwa. Wajen wata biyu jariri yakan fara bambanta ja da kore, shuɗi da rawaya kuma su biyo baya. A 1976 Marc Bornstein da abokan aikinsa biyu suka nuna cewa 'yan wata huɗu suna rarraba launuka gida-gida, shuɗi da kore da rawaya da ja, kusan yadda manya ke yi. Amma ko a lokacin sai launin ya ciza sosai suke lura da shi. Ƙwarewar gane launi mai rauni tana ɗaukar shekaru kafin ta kai ta babba.

Saboda haka bargon da aka haɗa da ruwan madara da ruwan hoda da ruwan bula, komai kyansa a idon uwa, kusan shafe yake a idon ɗan wata biyu. Wanda ya haɗa fari da shuɗi mai duhu, da ɗigon ja nan da can, shi ne zai ja hankalinsa. Ba wai launi mai sanyi yana cutar da ido ba ne, ko kuwa wani bargo yana ƙara wa yaro basira. Fuskar uwa ta fi kowane zane amfani. Abin nufi kawai shi ne in don yaron ake yin ado, to a yi wanda zai gani.

Akwai kuma yaran da ake haifa ba sa bambanta ja da kore har iyakar rayuwarsu. A tsakanin Turawan arewacin Turai abin yakan sami namiji ɗaya cikin 12 da mace ɗaya cikin 200, a Afirka kuma bai kai haka yawa ba. Irin wannan yaro ba zai ga zanen da aka yi da ja da kore masu duhu ɗaya ba, amma zai ga bambancin haske da duhu kamar kowa.

NA MACE DA NA NAMIJI

A kantunan kayan jarirai na birane yanzu, da zarar an ce mace aka haifa sai a miƙo ruwan hoda, in namiji ne a miƙo shuɗi, har wasu suna zaton wata tsohuwar ƙa'ida ce. Al'adar baƙuwa ce, ko a inda ta fito ma ba ta daɗe ba. A ƙarni na 19 fararen kaya ake sa wa jarirai maza da mata a Turai da Amurka, domin farin yadi ne ake iya tafasawa a wanke ba tare da ya lalace ba. A watan Yuni na 1918 wata mujallar 'yan kasuwar kayan yara ta Amurka ta shawarci iyaye su sa wa namiji ruwan hoda, don a ganinta ya fi ƙarfi, mace kuma shuɗi. Sai daga wajen 1940 zuwa gaba ne abin ya juye ya zauna yadda aka san shi. Malama Jo Paoletti ta Jami'ar Maryland ta bi diddigin wannan tarihi a littafin da ta fitar a 2012.

Ga gidan da ke lissafin kuɗi, darasin a fili yake. Bargon da aka ɗinka da kyau yakan wuce yaro ɗaya. Ƙane zai gada, ƙanwa za ta gada. Launukan da ba a jingina wa kowa ba, kamar kore da rawaya da shuɗin baba da ruwan goro, su ne za su bi 'ya'yan gida duka.

LAUNI DA MAƘWABCINSA

Sau da yawa mace takan ga ƙyalle shi kaɗai ya ba ta sha'awa, amma da ta jera shi kusa da wani sai ya mutu. Wannan matsala ta taɓa tasowa a babbar masaƙar gwamnatin Faransa ta Gobelins da ke Paris. A 1824 aka naɗa wani masanin haɗa magunguna, Michel Chevreul, shugaban sashen rini, aka kuma kawo masa ƙarar cewa baƙin zaren da marina ke bayarwa ba ya cizawa. Da ya gwada zaren sai ya tarar rinin ba shi da laifi ko kaɗan. Laifin na maƙwabtaka ne: baƙi in ya zauna kusa da shuɗi sai ido ya gan shi da ɗan ja-ja, kamar ya koɗe. A 1839 ya buga littafi a kan wannan al'amari, wanda masu zane da masaƙa ke amfani da shi har yanzu.

Abin da ya gano shi ne kowane launi yana tura maƙwabcinsa zuwa ga kishiyarsa. Kishiyar ja ita ce kore, kishiyar shuɗi ruwan goro, kishiyar rawaya shunayya. In aka haɗa kishiyoyi biyu sai kowanne ya ƙara ƙarfi, shi ya sa ɗan ƙyallen ruwan goro guda ke haska shuɗin bargo gaba ɗaya. Amma in aka zuba su daidai wa daida, rabi ja rabi kore, sai su yi ta kokawa, ido ya gaji. Launukan da ke kusa da juna kuwa, kamar shuɗi da kore, ko rawaya da ruwan goro, zaman lafiya suke yi, sai dai suna bukatar fari ko wani mai duhu ya raba su domin kada su narke cikin juna.

Daga nan ne masu wannan sana'a suka sami ƙa'idar da suke bi: launi ɗaya mai haske ya zama ƙasa, ɗaya mai duhu ya zama jigo, na uku mai ƙarfi kuma a yayyafa shi kaɗan kamar gishiri a miya. Wadda ke da atamfa guda mai launuka da yawa ta huta, don mai zanen atamfar ya riga ya yi mata zaɓe. Sai ta ɗauki launuka biyu daga cikinta ta nemi yadi zalla irinsu. Sai dai a lura da girman zanen. Atamfa mai manyan furanni in aka yayyanka ta ƙanana sai furen ya ɓace, wani ƙyallen ya fito ja, wani kore. Mai ƙananan zane ta fi dacewa.

Hanya mafi sauƙi ta gwada haɗi ita ce a shimfiɗa ƙyallayen a tabarma da rana, a inuwa, a ja da baya taku biyar a kanne ido. In har an daina gane iyakar wani ƙyalle da na kusa da shi, to duhunsu ɗaya ne. Mai wayar salula kuma yana iya ɗaukar hoton ya mayar da shi baƙi da fari. Nan take za a ga wanda ya yi haske da wanda ya yi duhu. Kada a yi zaɓe da dare a ƙarƙashin ƙwan lantarki, don yakan sauya launi.

Wani abin kula kuma shi ne sunayen launi. Ban da fari da baƙi da ja da shuɗi da kore da 'yan kaɗan, Hausa takan kwatanta launi ne da wani abu: ruwan ɗorawa, ruwan toka, ruwan ƙasa, ruwan makuba, ruwan goro. Goro kuwa ba iri ɗaya ba ne. Maigidan da aka aika Kantin Kwari daga ofis da saƙon baki kawai yana iya dawowa da abin da ba shi aka ce ba. A ba shi ɗan ƙyalle ya sa a aljihu ya fi.

RINI DA FATAR YARO

Kano ta san rini tun kafin Turawa su zo. Ana cewa karofin Ƙofar Mata ya faro tun 1498, Bature matafiyi Heinrich Barth kuma da ya iso birnin a 1851 ya tarar rinannen yadin Kano yana kaiwa har Timbuktu da Tarabulus. Rinin baba na ganye ne da toka. Amma a 1856 wani saurayi ɗan shekara 18 a Ingila, William Perkin, yana ƙoƙarin haɗa maganin zazzaɓin cizon sauro sai ya dace da rinin shunayya daga kwalta. A 1897 kamfanin BASF na Jamus ya fara sayar da shuni na masana'anta. Tun daga nan rinin kanti ya mamaye duniya.

Akasarin rinin kanti ba shi da illa. Amma an gano cewa wasu kaɗan daga cikin dangin rinin da ake kira azo suna iya sakin sinadarai masu haddasa ciwon daji. Jamus ta hana su a kayan sawa a 1994, Tarayyar Turai kuma a 2002 ta kafa doka a kan irin waɗannan sinadarai guda 22, cewa kada su wuce miligiram 30 a kowane kilo na yadin da ke taɓa fata. Akwai kuma tambarin Oeko-Tex da aka ƙirƙiro a 1992, wanda ya fi tsananta sharaɗi a kan kayan yara 'yan ƙasa da shekara uku, har da gwada ko rinin zai fita in miyau ya taɓa shi. Dalili a bayyane yake: duk abin da yaro ya kama, baki yake kai shi.

A da, lokacin da masaƙun Kaduna ke aiki, mai saye ya san inda yadinsa ya fito. Masaƙar KTL da aka buɗe a 1957 ta rufe a 2002, UNTL kuma ta dakatar da aiki a 2007. Bayan haka atamfa mai araha daga ƙasar Sin ta cika kasuwa, mai kyau da marar kyau, wata ma da tambarin jabu. Ido ba ya iya gane sinadari, kowane mai kanti kuma abin da zai ce ɗaya ne: "Hajiya, wannan ba ya zuba." To, sai an gwada akan san na ƙwarai.

Gwajin ba ya cin ko kwabo. A jiƙa farin ƙyalle a goga shi da ƙarfi a kan yadin. In ya ɗauki launi, yadin yana zuba. Ko kuma a yanki ɗan guntu a jiƙa shi cikin ruwan ɗumi da sabulu a farin kwano na rabin sa'a, a duba ruwan. Ja da shuɗi mai duhu da baƙi su suka fi wannan hali. Yadin da aka wanke sau uku bai daina zuba ba, a ajiye shi, don ƙyalle ja guda ɗaya ya isa ya ɓata farin bargo duka a wankin farko. Jiƙa sabuwar atamfa a ruwan gishiri, kamar yadda aka saba, ba ya kama rinin da masana'anta ba ta kama ba. Rarar rinin ce kawai ke fita. Haka nan ɗan Kura mai ƙyalli, wanda Buzaye ke so saboda shunin da yake bari a jiki, ado ne na manya, ba na shimfiɗar jariri ba.

Lalle ne a wanke kowane yadi kafin a yanka shi. Sabuwar auduga takan tsuke da kamar kashi 3 zuwa 5 cikin 100, in aka haɗa ta da tsohon zane ba a wanke ba sai ɗinkin ya tattare. A nan tsohon zane ya fi sabo: ya gama zuba, ya gama tsukewa, ya yi laushi. Da tsohuwar zuma ake magani. Shafi kuwa, tun da shi ke manne da fata, ya fi kyau ya zama akoko da aka wanke sosai ko wani farin yadin auduga.

SAURO DA WUTA

Farin shafi yana da wani amfanin. A kansa uwa za ta ga tururuwa ko kuɗin cizo, ta kuma ga alamar amai ko gudawa ko jini da wuri. Yadi mai duhu yana ɓoye datti, amma ɓoye datti ba tsabta ba ce.

A watan Fabrairu na 2022 masana a Jami'ar Washington da ke Seattle suka buga bincike a kan sauron da ke yaɗa zazzaɓin shawara. Sun tarar cewa da zarar ya shaƙi iskar numfashin mutum sai ya nufi ja da ruwan goro da baƙi, ya ƙyale fari da kore da shunayya. Wannan ya ƙara nuna amfanin ƙasa mai haske. Amma kada wani ya ɗauka launi zai maye gurbin gidan sauro. Sauron zazzaɓi da dare yake cizo, yana bin wari da ɗumin jiki. Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2023 ya nuna cewa fiye da rubu'in masu kamuwa da wannan zazzaɓi a duniya a Nijeriya suke, yara 'yan ƙasa da shekara biyar kuma su suka fi mutuwa.

Yadin da ya fi ƙyalli a kasuwa sau da yawa na roba ne. A lokacin hunturu da ake shiga da kaskon garwashi ɗaki, wannan haɗari ne, don yadin roba in ya taɓa wuta narkewa yake yi ya manne a fata. Audugar rimi ma saurin kama wuta gare ta, ba ta dace da ciko ba. Bayan wanki kuma a shanya bargon a igiya, ba a ƙasa ba, a juya shafin waje domin kada rana ta koɗar da launin, sa'an nan a goge shi da dutsen guga mai zafi. Akwai wani ƙuda a ƙasashen Afirka masu zafi da ke yin ƙwai a jiƙaƙƙen tufa, tsutsarsa ta shiga fatar yaro ta zama kamar maruru. Guga tana kashe ƙwan.

LISSAFIN YADI

Ga misali domin ɗalibai da masu son gwadawa. Bargon yaro yakan kai kamar inci 36 a faɗi, 50 a tsawo. In aka yanka ƙyallaye murabba'i masu inci 5, aka bar rubu'in inci a kowane gefe domin ɗinki, kowanne zai tsaya a inci huɗu da rabi. Jeri 11 masu ƙyalle 8 kowanne za su ba da ƙyallaye 88, bargon ya fito inci 36 da inci 49 da rabi.

Daga cikin 88 ɗin, 44 su zama masu haske, 30 shuɗi mai duhu, 14 ruwan goro ko ja wanda ba ya zuba. A jera su mai haske ɗaya, mai launi ɗaya, a warwatsa 14 ɗin kada biyu su haɗu. Yadi mai faɗin inci 45 yana ba da ƙyalle 8 a kowane yanki mai inci 5, bayan an cire bakinsa. Ke nan mai haske zai ci inci 30, shuɗi inci 20, na ukun inci 10. Jimilla ba ta kai yadi biyu ba. Shafi zai ci yadi ɗaya da rabi. A kewaye baki da shuɗin, don baki ne ke fara datti. Kada a liƙa maɓalli ko duwatsun ado ko dogon zare, domin yaro yana iya tsinkewa ya haɗiye.

GARGAƊIN LIKITOCI

Saura magana guda, wadda ta fi duk na baya nauyi. Ƙungiyar likitocin yara ta Amurka, a shawarwarin da ta sabunta a 2022, ta ce jarirai kusan 3,500 ke mutuwa kowace shekara a ƙasar a cikin barci, ta kuma hana a sa bargo mai kauri ko matashi ko wani abu mai laushi a makwancin yaron da bai cika shekara ɗaya ba. Jariri ba shi da ƙarfin ture abin da ya rufe masa hanci, zafi mai yawa kuma shi ma haɗari ne. Tun da aka fara yaƙin wayar da kai a 1994 cewa a riƙa kwantar da jarirai rigingine, irin wannan mutuwa ta ragu da fiye da rabi a can. Hukumomin lafiya na Ingila ma sun hana bargo mai ciko kafin shekara ɗaya. Sun yarda da mayafi marar nauyi kawai, a soke shi a gefen katifa, kada ya wuce kafaɗa.

Saboda haka a shekarar farko maganin sanyi shi ne a ƙara wa jariri riga a kan riga, a bar fuskarsa a buɗe, a kwantar da shi rigingine a shimfiɗa mai tauri cikin gidan sauro. Inda yake kwana kusa da uwa, kamar yadda aka saba a gidaje da yawa, a kula kada bargonta ya hau kansa. Rigakafi ya fi magani.

Wannan bai sa aikin ya zama banza ba. Kafin yaro ya shekara, bargon shimfiɗar wasa ce: a baza shi a ƙasa da rana, a kifa yaron a kai yana farke, babba na zaune kusa, ya riƙa ɗaga kai yana bin zanen da ido. Da ya shekara sai ya zama abin rufarsa. Wajen shekara biyu zuwa uku, lokacin da baki ya buɗe, a kansa zai fara koyon cewa wannan ja ne, wancan shuɗi, ya kuma nuna ƙyalle guda ya ce zanen Inna ne.

Mata masu zuwa barka da suna sukan kai sabulu da turmin atamfa da 'yan riguna, waɗanda yaro ke fin ƙarfinsu cikin wata uku. Wadda ta tara ƙyallaye tun da wuri, ta wanke, ta gwada, ta zaɓi launi da lura, za ta kai kyautar da za a tarar a ɗakin ko bayan an yaye yaron an haifi ƙaninsa.